Jan Yis da Ƙafafun Baba

Litinin, 3 ga Maris

Na zuba sabon zagayen gwaji yau a lab, ɗakin bincikenmu. Kwalabe a jere kan injin girgiza, kowace da jan yis ɗinmu cikin ruwan sukari. Bambancinsu kawai yawan sinadarin zink da na sa: ta farko babu ko ɗigo, ana hawa ana hawa har ta ƙarshe da na cika mata hannu. Oga bai so na kai can sama ba. "Wa zai yi amfani da wannan yawan? Ɓarnar kaya ce." Na ce to, amma na sa. Mun daɗe da nuna cewa zink kaɗan yana sa yis ɗin nan ya yawaita, ya yi jawur, ya kuma tara zink a jikinsa. Kamfanin da ke son mayar da shi ƙwayar ƙarin lafiya zai zo farkon wata mai kamawa. Ni so nake in ga inda abin yake tsayawa.

Baba ya faɗi a ƙofar banɗaki da safe. Ya ce silifas ne. Silifas ɗin kuwa yana can gefe, bai ma sa shi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ya sake faɗuwa. Wannan karon a gabana, yana ɗauke da kofin shayi. Ban taɓa ganin Baba a ƙasa ba. Mutumin da ya gama ƙuruciyarsa a kan tsani yana ɗaura fanka, yana naɗa wayar injin ruwa. Na tsaya kamar an dasa ni, shayi na bin tayil, shi kuma yana cewa, "Uwata, kallona za ki yi ko ɗaga ni?"

Da na matsa masa ya ce ai tun bara yake jin kamar auduga yake takawa. Tun bara! Gida ɗaya muke kwana, mu biyu rak tun rasuwar Mama, ban sani ba.

Gobe asibiti, ko yana so ko ba ya so.

Juma'a, 7 ga Maris

Sun riƙe shi. Jininsa ya yi ƙasa sosai, har fararen ƙwayoyin jinin ma. Likitar, wata siririya mai magana a hankali, ta ja fatar idonsa ta nuna min: fari fat. Ta tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya ce shi da magani sai dai a ba wani a gabansa. Ta tambaye ni, na ce gaskiya ne, ko na ciwon kai sai an yi rigima.

An yi masa ƙarin jini. Na kira Yaya, ya ce zai nemi izini a wurin aiki ya taso.

Sai yau na lura gashin Baba ya yi fari gaba ɗaya, har gira. Yaushe?

Litinin, 10 ga Maris

Na leƙa lab da sassafe kafin asibiti, don kwalaben sun isa cirewa. Na buɗe murfin inji na yi turus.

Na tsakiya sun yi yadda muka saba, jawur, ruwan ya yi kauri. Amma daga nan sama launin sai ja da baya yake, ja ya koma ruwan hoda, ruwan hoda ya koma wani abu mai kama da madarar da aka tsinka. Ta ƙarshe kusan fara. Yis ɗin ma bai yi rabin na tsakiya ba.

Dogo, abokin aikina mai kula da injin auna sinadarai, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Lallai, kin mayar da jan yis zabiya." Na ce ƙila wata cuta ce ta shiga kwalaben. Muka ɗiga a gilashi muka duba a madubin ƙara girma. Babu baƙon komai, yis ɗinmu ne, sai dai ya ƙanƙance ya koɗe.

Na ɗibi kaɗan daga kowace kwalba, sauran na sa a firij, na tace, na busar, na ba Dogo ya auna min abin da kowanne ya sha. Na ce ba zink kaɗai ba, ya haɗa da ƙarfe da tagulla da sauransu tunda injin zai iya. Ya ce Oga zai yi surutu kan gas ɗin da injin zai ci. Na ce ya yi.

Talata, 11 ga Maris

Likita ta ja ni baranda. Tana zargin ɓargonsa ne ya daina yin jini yadda ya kamata. Ba ta so ta faɗi sunan ba, ni na faɗa. Ta ce, "Ban ce shi ba ne. Sai mun ɗebi ɓargo mun gani." Ƙafafun kuma ta ce ba ta gane yadda suka shigo cikin maganar ba, abin da ke damunta ke nan.

Kansa, ciwon daji. Na rubuta, ga shi nan.

Na koma ɗaki na same shi yana koya wa na gadon kusa yadda ake gane fanka ta kusa ƙonewa daga ƙararta.

Alhamis, 13 ga Maris

Yaya ya iso jiya. Shi ke kwana wurin Baba yanzu, ni yini.

Dogo ya miƙo min sakamako. Kwalaben da na cika wa zink sun sha zink har ya yi musu yawa, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne sauran. Ƙarfe ya ragu. Tagulla kuwa kamar an share, a ta ƙarshe da ƙyar injin ya gan ta, alhali tana nan cikin ruwan, daidai da na sauran kwalabe. Tana nan amma yis ɗin bai iya ɗauka ba. Na ce Dogo ya maimaita. Ya ce ya riga ya maimaita, don shi ma bai yarda ba da farko.

Oga ya duba ya ture takardar. "Mai kyau, ki ajiye wannan don gaba. Mutanen kamfani na tsakiya za mu nuna musu, kada a tsorata baƙi da abin da ba za a yi ba." Na ce to. Kullum to.

A wani lokacin da na yi tsalle da wannan sakamakon. Yau ko a jikina.

Asabar, 15 ga Maris

Bari in rubuta a jere ko zan gane.

Da safe Yaya ya kira ya ce Baba yana son a kawo masa ƙaramar sukundirebansa da 'yan kusoshi, wai hannun gadon asibiti yana lilo kuma ya hana shi sakat. Na yi tsaki, na shiga ɗakinsa, na jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Na san akwatin nan tun ina rarrafe. Na san kuma yana zuba kusoshi da notuna a 'yan robobi farare, na sha ganinsu kan taga idan yana gyara. Ban taɓa karanta jikinsu ba. Me zai sa in karanta jikin robar kusa?

Yau ɗaya ta gangaro ta tsaya a ƙafata, rubutun yana sama. Zink. Ƙwayoyi masu ƙarfi, irin waɗanda ake sha na ɗan lokaci a daina.

Na ɗauki ta biyu. Zink. Ta uku. Na zazzage akwatin a tsakar ɗaki. Duk iri ɗaya ne, wasu takardarsu ta yi baƙi da man inji, wasu sababbi fil. Sun cika min cinya suna zubewa. A aljihun rigarsa da ke rataye na sami wata da sauran ƙwayoyi a ciki.

Na zauna a ƙasa cikin kusoshi. Takardar Dogo ce kawai nake gani, layin tagulla da ya faɗi ƙasa. Na ce wa kaina yis ba mutum ba ne, ke ma kin sani, kada ki yi hauka. Na buɗe waya na duba littattafan likitanci. Yana nan a rubuce, an daɗe da sani: zink idan ya yi yawa na tsawon lokaci yana hana hanji ɗaukar tagulla, rashin tagulla kuma yana cinye jini, yana taɓa jijiyoyin ƙafa. Har ana rikita shi da ciwon ɓargo.

Ban san yadda na isa asibiti ba. Na juye robobin kan gadonsa. Yaya ya ce lafiya? Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya dube su, ya dube ni, ko a jikinsa. "Zink ne mana."

"Likita ta tambaye ka kana shan magani ka ce a'a!"

"Ai ba magani ba ne, Uwata. Ƙarin lafiya ne."

"Wa ya ce ka sha?"

Sai ya yi wani murmushi, irin na wanda aka kama yana shirya wa mutum kyauta. Ya ce, "Ke mana."

Lahadi, 16 ga Maris

Jiya na kasa ƙarasawa.

Ya tuna ranar tsaf. Ranar da sakamakonmu na farko ya fito, shekara biyu ke nan, na dawo gida ina zuba kamar rediyo: an sa wa yis zink ya ninka, ya yi ja, ya yi ƙarfi. Yana zaune a tabarma da fanka a kwance a gabansa, ko kai bai ɗaga ba. Na tuna na yi shiru a tsakiyar magana na shige ɗaki, ina cewa a raina ai dama, shi likita ya so in zama, wannan aikin kiwon kumfa yake ce masa. Daga ranar ban ƙara yi masa zancen lab ba.

Ashe washegari ya tafi kemis. Ya fara da ɗaya a rana. Da ya ji jikinsa ya fara sanyi sai ya ƙara, wai ƙila bai isa ba. Da ƙafafu suka fara mutuwa ya sake ƙarawa. Safe, rana, dare.

"Na ce abin da ya tayar da ɗan mitsitsin abin nan da ido ba ya gani, ai zai tayar da tsoho. Kuma 'yata ce ta gano."

Ba ni na gano ba, Baba. Ban ma ce a sha ba. Ban ce komai ba, rabin magana na yi na tashi.

Yaya ya biyo ni waje ya sauke min. Wai ina zaune gida ɗaya da tsoho yana haɗiyar guba ban sani ba, wai karatun me na yi. Na ce shi da yake zuwa sau ɗaya a shekara fa? Muka yi ta yi har wata nas ta ce mu ji kunya. Mun ji.

Litinin, 17 ga Maris

Na tare likita tun kafin ta ajiye jaka. Na nuna mata robobin a leda. Ta daɗe tana juya ɗaya a hannu, sannan ta ce, "Innalillahi. Tun yaushe?" Na faɗa mata. Na fara yi mata bayanin kwalabena, ta ɗaga hannu ta ce ba sai na je nan ba, wannan ledar ta isa. Ta ɗage ɗibar ɓargo. An ɗebi jini don auna tagulla da zink, sai an aika wani wuri, zai ɗauki kwanaki. Ta ce kada in sa rai da yawa tukuna.

Ta je da kanta ta karɓe wadda ke ƙarƙashin matashinsa. I, har asibiti ya zo da ita. Yana sha a ɓoye ana yi masa ƙarin jini.

Laraba, 19 ga Maris

Na bi ta kemis ɗin bakin titinmu, da niyyar in ci mutuncin mai shagon. Na ajiye masa roba a kan kanta na ce ya san mai sayen wannan? Ya ce tsoho mai gyaran fanka? Sosai ma. Ya ce tun tuni ya ce masa, "Baba, wannan ba a yi masa shan shayi," tsohon ya ce shi da masaniya yake kwana a gida.

Sai ya ƙura min ido. "Ai ke ce! Ke ce ta hoton, mai farar riga da kwalba a hannu. Duk wanda ya shigo shagon nan tsohon yana nan sai ya nuna masa. Wai 'yarsa ce ke koya wa masu ilimi yadda ake ƙara wa abinci ƙarfi."

Hoton da Dogo ya ɗauke ni ne, na tura wa Yaya. Ban san ya kai wayar Baba ba.

Na juya na fito. Na manta robar a can.

Alhamis, 20 ga Maris

Babu labari. Na wanke kwalabe duk yini, har waɗanda ba nawa ba.

Talata, 25 ga Maris

Sakamakon jinin ya fito. Tagulla kusan babu a jininsa, zink ya wuce iyaka. Ba kansa ba ce.

Likita ta faɗa, Yaya ya durƙushe a wurin yana hamdala, ni kuwa dariya ce ta ƙwace min, wata mummunar dariya, sai da na fita waje. An fara ba shi tagulla ta jijiya. Ta ce jini yakan dawo cikin makonni. Ƙafafu ne ba ta yi alkawari ba: wasu sukan samu sauƙi, wasu abin yakan tsaya inda ya kai, ba ya gaba ba ya baya.

Da aka yi wa Baba bayani sai ya ce, "Tagulla? Jan ƙarfen nan na waya? Ni da na ƙare rayuwata ina murɗa ta, ashe ban ajiye ko taƙi a jiki ba." Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Da aka watse ya kama gefen mayafina ya ce, "Na ɓata miki suna ko?" Na ce wane suna. Ya ce, "Kada ki faɗa a wurin aikinku. Za su ce uban masaniya jahili ne."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Yaya ya sayo min lemo mai sanyi ya ajiye a gefena. Na sha. Mun shirya ke nan.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Mutanen kamfani sun zo, su uku, da turarensu. Oga ya yi bayani, hotunan kwalabe jawur a bango, kowa na gyaɗa kai. Babbansu ya ce abin da ya burge shi shi ne yadda yis ɗin ke tara zink, za su rubuta a jikin roba da manyan baƙaƙe cewa nasu ya fi na kowa yawa, mutane suna son su ji an ce ya fi yawa.

Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba. Na ji kujerata ta yi ƙara, na gan ni a tsaye. Na ce akwai sauran kwalabe. Oga ya ce, "Wannan wani aiki ne daban." Na ce aiki ɗaya ne, zagaye ɗaya ne, ni na zuba. Na fita na ɗauko su daga firij, tun daga jar har farar, na jera a kan teburin taro tsakanin kofunan shayi. Dogo ya miƙo takardarsa ba tare da na tambaya ba.

Na faɗi duka: inda girma ke tsayawa, inda launi ke gudu, yadda tagulla ke ɓacewa. Na ce yis ba mutum ba ne, amma a mutum ma an san haka, kuma duk abin da aka rubuta wa ƙarin lafiya akwai wanda zai sha safe, rana, dare. Babban ya ce, "Haba, wa zai yi haka?" Na ce akwai. Ban faɗi ko wane ne ba.

Sun ce za su koma su yi shawara kan adadi da gargaɗin da za a rubuta. Ko za su dawo, oho. Oga bai kalle ni ba har aka tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Gobe ki same ni ofis."

Sai yanzu tsoro ya zo.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Oga ya yi faɗa, na tsaya na ji. Ban ce to ba. A ƙarshe ya ce in maimaita zagayen sau biyu kafin ya sa hannu a komai.

An sallamo Baba. Yaya ya koma.

Asabar, 12 ga Afrilu

Jini yana hawa, likita ta ji daɗi. Ƙafafu suna nan yadda suke. Ya ƙi sandar asibiti, ya yanko bututun wayar lantarki ya sa masa roba a gindi, da shi yake bin bango daga ɗaki zuwa ƙofar gida.

Da yamma ina yanka albasa ya jawo kujera ya zauna a ƙofar kicin, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in ba shi labarin kwalaben, daga farko, kada in tsallake. Na ba shi. Ya yi ta katse ni da tambaya, me yis yake ci, me ya sa yake ja, ta ina zink ke shiga. Shinkafa ta kusa kamawa.

Da na kai kan farar kwalba ya shiga murza kan sandarsa. Ya ce, "To yanzu idan kika daina ba shi zink ɗin, kika mayar masa da tagullarsa, jan zai dawo?"

Ba ni yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

Na buɗe baki in ce i. Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To a gwada mana."

Jibi zan zuba. Ba don komai ba, Oga ma zai iya tambaya. Na ce wa Dogo ya rage min wuri a kan inji, kuma ya daina sa ni a aikin yamma, ina da abin yi a gida.